Hagun 'Yar Fari

A shekarar da gwamnati ta ari sunan garin Abuja ta ba sabon birnin da za a gina a daji, ta ce tsohon garin ya amsa Suleja, babu matar da ake yabo a unguwar Bagama kamar Asibi, surukar Hajjo. Ba don girki ba ne, miyarta dai ga ta nan, ana ci ana tashi. Don kunya ake yabonta.

'Yar farinta Ladi ta shekara tara, amma babu wanda ya taɓa jin sunan ya fito daga bakin uwar. Tun ranar da aka yaye yarinyar aka miƙa ta ɗakin kakarta Hajjo, kamar yadda aka saba yi wa ɗan fari, Asibi kuwa ta riƙe al'adar fiye da yadda aka nema. Ba ta kiranta, ba ta aikenta, in sun haɗu a bakin rijiya sai ta kawar da kai. Da yake mijinta ma Ɗanladi ne, ranar Lahadi ɗungurungum ta fita daga bakinta, sai dai ta ce "ranar zuwa coci", matan unguwa su yi ta dariya suna cewa Allah ya ba su suruka irin wannan. Ita Ladi kakarta take kira Inna, uwarta kuma Yaya. Ƙanenta Datti, ɗan shekara uku, shi ke hawa cinyar Asibi yana jan ɗankwalinta yadda ya ga dama, Ladi tana kallo daga ƙofar ɗakin Hajjo.

Abin ya fito fili ne wata rana da azahar, ana cin tuwon dawa a inuwar zaure. Ladi ta sa dama ta yanko loma, kafin ta kai baki sai ta miƙa hagu ta dangwali gefen tuwon.

"Ke!" in ji Hajjo. "Hannun da kike tsarki da shi za ki sa mana a abinci?"

Ta ɗauki ludayi ta ƙwala mata a bayan hannun. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ƙifta ido da ƙarfi, ta sake ƙiftawa, ta yi wani ɗan gyaran murya kamar ƙaya ta maƙale mata. Sannan ta ɗauki ludayin da aka ajiye, ta ɗan buga wa bayan hannunta na dama, daidai wurin da aka bugi na hagun.

"Au, ni kike kwaikwayo?" Hajjo ta riƙe baki. "Yau na ga tsiya."

Asibi na can gefe tana ba Datti, kanta a sunkuye. Babu wanda ya san abin da ya faru yanzun nan sai ita, domin abin nata ne, ta san shi kamar yadda ta san hanyar ɗakinta.

Tana kusan shekarun Ladi ya kama ta, can ƙauyensu a hanyar Minna. Da ido ya fara, ƙifce-ƙifce ba gaira ba dalili, har ana zolayarta wai tana yi wa samari alama. Daga nan maƙogwaro ya karɓa. Sai kuma tunanin ya zo, wanda ya fi su duka mugunta: wani abu a cikin kanta ya riƙa ce mata duk abin da dama ta taɓa, in hagu bai taɓa ba, mahaifiyarta za ta faɗa wuta. Ta san ƙarya ne. Ko a lokacin, tana ƙaramarta, ta san hannu ba ya jefa mutum a murhu. Amma sanin bai taɓa hana ƙirjinta bugawa ba, sai ta taɓa ɗin sannan numfashi yake dawowa.

Aka kai ta wurin mai magani. Ya ce aljani ne ya zauna a hagun. Ya turara ta da barkono a ɗaki rufe, ya ɗaure mata hannun a baya da igiya, ta yi damina guda a haka, tana kwana tana tashi da tabbacin cewa uwarta ta ƙone. Da aka dawo da ita gida kowa ya ce ta warke, aka dafa shinkafa aka raba. Ba warkewa ta yi ba, ɓoyewa ta koya. Mace mai sunkuyar da kai babu mai ganin idonta, mai yawan shiru kuma babu mai lura da maƙogwaronta. Da ta zama budurwa sai wani baƙo ya ƙaru, wani baƙin ciki mai nauyi marar dalili, wanda kan zo ya danne ta kwana da kwanaki, ko wanka ya gagare ta. A gidan miji ana ce masa zazzaɓin Asibi, a jiƙa mata sabara. Haka ta zauna shekara da shekaru, ana yabon kunyarta, ita kuwa tana fakewa a bayanta.

Yanzu ga shi a jikin 'yarta, a shekarun da ya zo mata, da irin tafiyar da ya yi mata. Tausayi ya kama ta. Ta so ta jawo yarinyar ta ce mata, na san abin da ake faɗa miki a cikin kai, ba ke ba ce, kuma ba gaskiya ba ne. Amma da wane baki? Uwar da ta yi wa 'yar fari magana a gaban suruka ta zubar da mutuncinta. Uwar da ta ce ita ma tana da wannan ciwo kuwa ta tona abin da iyayenta suka rufe ranar da aka zo neman aurenta.

Damina ta yi nisa, abin Ladi ya yi gaba. In baƙo ya miƙo mata alewa ta karɓa da dama, sai ta mayar da ita hagu a gabansa, Hajjo ta ji kamar ta nutse. In ta yi tuntuɓe da ƙafa ɗaya sai ta koma ta buga ɗayar a dutsen. Gyaran muryar ya zama ba dare ba rana, har liman ya aiko a tambaya ko yarinyar nan da shi take, don duk sanda ya wuce sai ta yi. Hajjo ta yi duka, ta yi rarrashi, ta karɓo rubutu, ta shafa mata barkono a yatsun hagun. Ba muguwa ba ce Hajjo, a faɗi gaskiya. Ita ta goya Ladi, ita ta tauna mata abinci, kuma sau da yawa in ta gama dukan sai ta shiga ɗaki ta share nata hawayen.

Ranar wata Asabar Malama Rebeka ta yi sallama. Ita ce malamar ajin su Ladi, mutuniyar kudancin Zariya, ta taɓa aikin share ɗakin marasa lafiya a wani asibiti a Kaduna kafin a kwashe su a yi musu horon malanta lokacin da aka buɗe firamare ga kowa. Aka shimfiɗa mata tabarma. Asibi tana daka a bayan rumbu, inda kunne ke kaiwa amma ido ba ya kaiwa.

"Mama, sori fa, ba ƙara na kawo ba," in ji Rebeka. "Ladi na da ƙoƙari. Amma yanzu in ta riƙe fensir da dama sai ta mayar hagu, har a tashi aji ba ta gama layi ɗaya ba. Yara suna mata dariya. Ni ban ga iskanci a ciki ba."

"To me kika gani?" Hajjo ta tambaya.

"Na ga irinsa a asibiti. Na ji likita na gaya wa ɗalibansa wai in ya kama mutum tun yana ƙarami, ba ya cika zuwa shi kaɗai. Yakan zo da wannan ƙifta ido, ko ƙarar wuya. In an girma wani lokaci baƙin ciki ya biyo baya. Ya ce duka ba ya korar sa. Kuma wai yakan bi gida. Mama, akwai wani mai irinsa a dangi?"

Taɓaryar Asibi ta tsaya a sama.

"Dangi?" Muryar Hajjo ta canza. "Malama, ki sha ruwanki. Gidan nan tun kakanni ba a taɓa haihuwar mahaukaci ba."

"Ba hauka na ce ba, Mama."

"Kin faɗa mana. Asibitin da ake kai masu tsince-tsince a bola kike so in kai jikata, gobe wa zai aure ta?"

Nan ne ya kamata Asibi ta fito. Taku kaɗan ne tsakaninta da tabarmar. Ta ji maganar ta taso mata har bakin haƙora, sai ta sauke taɓaryar a turmi, ta ci gaba da daka kamar ba ta ji komai ba. Rebeka ta ɗauki jakarta ta tafi, ba ta ko taɓa ruwan ba.

Tun daga ranar Hajjo ta yanke shawara. An ba ta labarin wani mai magani a bayan Sabon Wuse, wanda ake kai wa yara masu taɓin iska a bar su a wurinsa har su dawo hayyacinsu. Ta aika, ya ce a kawo ta bayan kasuwa ta ci.

Ɗanladi direban tifa ne, yana jigilar tsakuwa inda ake fasa sababbin hanyoyi, sai ya yi mako bai kwana gida ba. Da ya zo, Asibi ta kai masa ruwan wanka, ta tsaya tana murza bakin zane.

"Maigida, yarinyar nan ta Inna, da an bar kai ta wurin nan."

Ya dube ta da mamaki, har da 'yar dariya. "Yau kuma? Ke da ko sunanta ba kya faɗa? Ki bar wa Inna, ta fi mu sonta."

"Masu maganin nan suna wahalar da yara."

"Ke ina kika sani?"

Ta sunkuyar da kai. Ya ɗauki bokitinsa ya shige bayi, washegari da sassafe ya koma bakin aiki. Ita kuwa zazzaɓin nan nata ya sauko mata. Ta kwanta fuska ga bango, ba ta son haske, ba ta son motsin kowa, tana jin ta fi kowa rashin amfani a duniya. Daga inda take tana jin gyaran muryar Ladi a tsakar gida, kowanne ɗaya kamar da ita ake.

Ran tafiya ta lallaɓa ta fito da hantsi don ta ɗora wa Datti koko. Hajjo na tsakar gida tana haɗa kaya a kan tabarma. An yi wa Ladi wanka, an sa mata rigar sallarta, tana tsaye jikin bango tana ƙifce-ƙifce. Ga zakara an ɗaure masa ƙafa, ga ƙullin barkono, duk cikin abin da mai maganin ya ce a zo da shi. Sai Hajjo ta zaro wata sabuwar igiyar rama daga ƙarƙashin hammatarta, ta naɗe ta a hannu, ta tura cikin ƙunshin.

Asibi ta ga igiyar. Ƙwaryar da ke hannunta ta suɓuce, gari ya watse a ƙasa.

"Ladi," ta ce.

Matar maƙwabta da ta shigo aron rariya ta tsaya a zaure baki buɗe. Ita kanta yarinyar waiwayawa ta yi bayanta, ko da wata Ladin ake.

"Ladi, zo nan."

"Asibi, lafiyarki?" in ji Hajjo. "A gabana?"

"Inna, ki gafarce ni." Ta durƙusa. "Kada a kai ta. Ɗaure mata hannu zai yi, ya rufe ta da hayaƙi. Ba zai fita ba. Ni an yi mini, bai fita ba."

Ta tura awarwaron hagunta sama. Ga tabon nan ya zagaye wuyan hannun, fari-fari, wanda ta ce wa kowa ƙunar tukunya ce. Sannan ta ɗaga kai ta dubi surukarta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta bar idon ya yi abin da yake so. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, irin na Ladi sak. Ta faɗi komai, tun daga ƙauye har zazzaɓin da ba zazzaɓi ba. Ta ce abin da Malama ta faɗa gaskiya ne, in da mai irinsa a dangi to ga ta nan durƙushe.

Hajjo ta dubi tabon, ta dubi jikarta, ta dubi igiyar. A hankali ta zare ta daga cikin ƙunshin ta jefar bayan rumbu, ta kwance ƙafar zakaran ya ruga. Zuciyar Asibi ta yi sanyi, har ta fara godiya.

"Riƙe godiyarki," in ji Hajjo. Hawaye ne a idonta, amma muryar ta bushe. "Ba zan kai ta a ɗaure ta ba, na ji. Amma ashe a nononki ta sha. Shekara goma kina cin tuwo da ni, kina kallo ina dukan yarinya a kan abin da kika san ba laifinta ba ne, kina kallo na kori Malama, ba ki ce komai ba. Mu muna ta yabon kunya, ashe rufa-rufa ce. Iyayenki ma sun cuce mu."

Asibi ta san rabin maganar gaskiya ce.

"Ki haɗa kayanki ki je gida, sai Ɗanladi ya dawo an san abin yi. Datti ya zauna nan. Ba zan zuba ido shi ma ya ɗauka ba."

"Inna, ba a ɗaukarsa da zama."

"Yanzu kuma ke ce likitan? Motar Minna na tashi kafin azahar."

Matar maƙwabta ta fice ba tare da rariyar ba, kuma kowa ya san kafin la'asar Bagama kaf ta ji.

Asibi na cikin ɗaki tana ninke zannuwanta sai ƙofar ta yi duhu. Ladi ce a tsaye a bakin ƙofa, da rigar sallarta. Ba ta taɓa shiga ɗakin nan ba sai in an aiko ta, yanzu ma ta tsaya kamar mai jiran izini.

"Shigo," in ji Asibi. Ta rasa yadda ake yi wa 'yar nan magana, harshenta ya yi mata nauyi kamar na baƙuwa.

Yarinyar ta shigo ta tsuguna nesa kaɗan. "Yaya, ke ma ana ce miki wani zai mutu?"

"Ana ce mini."

"Wa?"

"Da mahaifiyata ce. Yanzu ku ne, ke da Datti."

Ladi ta yi gyaran murya, ta dubi ƙasa. "Ni ke ce. Ana ce mini za ki faɗa rijiya. Na ɗauka kin san ina tunanin haka, shi ya sa ba kya yi mini magana."

Wannan ya fi duk abin da Hajjo ta faɗa ciwo. Asibi ta jawo ta, ta rungume ta, ta ji ƙasusuwan bayanta a tafin hannu, ta ji ƙamshin man gyaɗar da aka shafa mata a kai. Rabon da ta riƙe ta haka tun tana jaririya. Ta yi kuka sosai, tana ce mata ba haka ba ne, wallahi ba haka ba ne, al'ada ce kawai, kuma tunanin nan ƙarya yake yi, ba ta da mugun hali, babu rijiyar da za ta ci kowa saboda hannunta.

Yarinyar ta saurara har ta gama. Sannan ta ɗago, da wani ɗan haske a fuskarta wanda Asibi ba ta gani ba tun farkon damina.

"To ke yaushe ya sake ki?"

Asibi ta buɗe baki. Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi, ta ce da na girma, ta ce baɗi war haka kin manta. Amma ƙarya da shiru ne suka kawo su inda suke, kuma yau ne kawai ta fara yi wa 'yarta magana.

"Bai sake ni ba," ta ce. "Wani lokaci yakan yi sauƙi. Amma bai sake ni ba."

Hasken ya ɗauke. Ladi ba ta yi kuka ba, ta dai zuba wa ƙunshin kayan ido, irin kallon manya. Daga tsakar gida Hajjo ta ɗaga murya ta ce rana na yi, mota ba ta jiran kowa.

Asibi ta ɗaure bakin ƙunshin ta miƙe. Sai ta ji an riƙe mata zane.

"Yaya," in ji Ladi a hankali, don kada a ji daga waje. "In kin tafi, wa zai koya mini yadda ake ɓoyewa?"